Wai mene ne "digirin digirgir a fannin shugabanci" da ake ta yayi?

Kwanakin nan duk inda ka juya sai ka ji "Dakta wane, masanin harkar shugabanci". A rediyo haka, a Facebook haka, a jikin fastocin 'yan takara ma haka, har tallan jami'o'i na bin mutum cikin waya wai zo ka yi digirin digirgir a shugabanci kana kan aikinka ba sai ka ajiye ba. Ni abun ya shafe ni kai tsaye, don wata bakwai kenan da na fara irin wannan karatun, aiki da rana karatu da dare, kuma tun ranar da labari ya kai ofis wasu suka fara kirana Dakta. Na hana, na sake hanawa, har yau akwai waɗanda ba su daina ba. Sunan bai zama nawa ba tukuna, kuma gaskiya yadda ake wasa da shi yana ci min rai.

Kowa ya san digirin digirgir shi ne digiri na uku, ba sai mun tsaya a nan ba. Inda ake cakuɗa zance a kalmar "dakta" ɗin ne. Asalinta daga Latin take, daga kalmar docere wato koyarwa, kenan dakta malami ne da aka ba izinin karantarwa, likitoci daga baya suka shahara da sunan. Tsoffin jami'o'in Turai irin na Bolonya da Faris lasisin koyarwa suke bayarwa, kwatankwacin ijazar da malami ke ba almajirinsa idan ya gamsu da shi. Sai a ƙarni na 19 abun ya sauya salo a Jamus, musamman bayan kafa jami'ar Berlin a 1810, aka ce sanin abin da magabata suka rubuta bai isa ba, sai ka yi naka binciken ka ƙaro wani abu da babu shi a da. Wannan salon ne ya tsallaka Amurka, jami'ar Yale ta ba da PhD, wato digirin digirgir na bincike, na farko a ƙasar a 1861, Oxford ta Ingila kuma ta shigo da nata a 1917.

Toh amma ni fassarar da ta fi min duka ita ce tamu. Duk wanda ya fara cewa "digirin digirgir" ya iya Hausa wallahi. Saurari kalmar da kyau za ka ji digirgire a cikinta, wato ka ɗora kaya a ka ka saki hannu ka yi tafiyarka. Wanda ya taɓa kallon yarinya tana koyon digirgire ya san abin da nake nufi. Da farko hannu biyu take riƙewa, sai ta koma ɗaya, sai ta fara saki tana maidawa da sauri, wuya a ƙage ido na kallon gaba, kuma ba wanda zai ce ta iya sai ranar da ta yi tafiya mai nisa hannuwa a sake kayan bai ko girgiza ba. A digiri na farko malamai ne suke riƙe maka kayan, a na biyu ana riƙe maka da hannu ɗaya, a na uku kuwa tambayar taka ce, hanyar neman amsar kai za ka tsara, kuma ranar kare kundi kai kaɗai za ka tsaya gaban masu jarrabawa suna jijjiga ka ta kowane gefe su ga ko kayan zai zube. Ma'aikaci kuma nasa digirgiren hawa uku ne, ga aikin ofis ga iyali ga karatu, duk a kan wuya ɗaya.

Yanzu ga wajen da ya fi ba ni haushi. Na ji mai gabatar da shiri ya ce baƙonsa ya yi "digiri na uku a kan mulki", ya kuma ɗora da cewa ai irinsu ya kamata a damƙa wa ƙasa tunda sun karanci abun har ƙarshe. Kuskure biyu a jimla ɗaya. Na farko mulki daban, gudanarwa daban, jagoranci daban, kuma abin da ake nazari a wannan fannin ya fi kusa da jagoranci, wato ta yaya mutum ɗaya ke sa wasu su yarda su bi shi zuwa wata manufa, ko yana da kujera ko ba shi da ita. Shugaban makaranta, babbar nas a asibiti, mai kula da ma'aikata goma a kamfani, duk suna ciki. Na biyu kuma, wanda ya fi haɗari, takardar ba ta shaida cewa mai ita ya iya shugabanci. Abin da take shaidawa shi ne ya iya bincike a kan shugabanci. Mutum zai iya rubuta kundi mai kyau a kan riƙon amana ya kuma ci amanar ma'aikatansa, kamar yadda likita zai iya sanin illar taba sarai yana kuma sha.

Abin da ake yi a cikin karatun ma ba shi ne mutane ke zato ba. Ana ɗauka lacca ce ta zaburarwa, yadda za ka tsaya gaban taro ka burge. Ina! Rabin lokacinka a kan dabarun bincike yake tafiya, yadda ake tsara tambayoyi, yadda ake hira da mutane ba tare da ka sa musu magana a baki ba, lissafin ƙididdiga, neman izinin kwamitin ɗa'a kafin ka tambayi kowa komai. Sauran kuma ra'ayoyin masana ne, irin bambancin da James MacGregor Burns ya fitar a 1978 tsakanin shugabancin ba-ni-in-ba-ka da wanda ke sauya tunanin mabiya, ko ra'ayin Robert Greenleaf na 1970 cewa shugaba mai hidima ne kafin komai, kuma ba haddace su ake so ka yi ba, so ake ka nuna inda suka yi rauni.

Aikin farko da na miƙa a kan dalilin da ke sa ma'aikata barin aiki bayan an kawo sabon manaja ne. Na rubuta shi da ƙarfin gwiwa don shekara goma sha biyar ina ganin abun da idona. Ya dawo min wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yara sun yi barci, na buɗe kwamfuta na ga kusan kowane sakin layi malamar ta ja masa layi da tambaya iri ɗaya, ina hujjarka, wa ya auna wannan, mutum nawa, a ina. Na daɗe zaune ina kallon allon. Abun ya yi min ciwo sosai, amma da na huce na ga gaskiyarta, abin da na gani a ofis ɗaya ƙarƙashin manajoji huɗu labari ne, bai kai hujja ba. Wannan ne wajen da babban ma'aikaci ya fi shan wuya fiye da yaron da ya taho kai tsaye daga digiri na biyu, don kai ka saba idan ka yi magana a mitin a rubuta, yanzu kuma ana ce maka kawo shaida.

Sai batun cewa komai PhD ne. Yawancin shirye-shiryen da ake tallata wa ma'aikata ba PhD ba ne, EdD ne na ɓangaren ilimi ko DBA na kasuwanci da makamantansu, kuma ba sababbi ba ne, Harvard ta fara EdD tun farkon shekarun 1920, DBA kuma a 1953. PhD yana shirya ka ka zama mai bincike ne da koyarwa a jami'a, waɗannan kuma suna so ka ɗauko matsala daga wajen aikinka ka warware ta da hanyar bincike. Dukkansu da gumi ake samu kuma mai su Dakta ne halak malak, sai dai in burinka koyarwa a jami'a ne ka tambaya tun kafin ka biya ko sisi, don akwai jami'o'in da PhD kawai suke nema wajen ɗaukar malami. Ka kuma tabbatar hukumar da ke tantance jami'o'i a ƙasar ta san da makarantar, ka tambayi waye zai duba kundinka da ɗalibai nawa ke hannunsa.

Digirin girmamawa kuwa kyauta ce, kamar lambar yabo. Ba laifi ba ne a ba mutum, Oxford ta yi hakan tun shekarun 1470, amma ba karatu a ciki ba kundi, shi ya sa a al'adar jami'a ba a so mai shi ya liƙa Dakta gaban sunansa yana yawo da shi. Jami'o'i irin MIT da Stanford da Cornell ma ba su da al'adar bayar da shi. A Jamus amfani da laƙabin da ba ka mallaka ba laifi ne a doka, kuma a 2011 ministan tsaron ƙasar Karl-Theodor zu Guttenberg ya sauka daga muƙaminsa bayan jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa saboda satar rubutun wasu a kundinsa. Ni ina ganin haka ya dace a ɗauki sunan, don idan wanda ya yi shekara biyar yana fama da wanda aka rataya wa riga a biki ɗaya suka zama abu guda a bakin ɗan jarida, to an cuci na farkon kuma an ruɗi mai sauraro.

Haka nan farawa ba gamawa ba ce. Wani nazari da majalisar makarantun gaba da digiri ta Amurka ta yi ya nuna kusan kashi 57 cikin 100 ne kawai na ɗaliban PhD suka kammala cikin shekara goma da farawa. Da yawa a wajen kundi suke maƙalewa, don lokacin kwasa-kwasai akwai ranar miƙa aiki akwai 'yan aji masu tuna maka, da an gama wannan sai a saki hannu, ba mai bin ka, ofis kuma kullum da abin gaggawa, sai wata uku su wuce ba ka buɗe fayil ɗin ba. Ni ko can ban kai ba. Aikin nan na ma'aikata da sabon manaja na sake shi sau biyu, na rage iƙirarin da na yi a ciki ya koma kusan rabi, ranar Alhamis zan miƙa shi karo na uku in sha Allah.