Waiwaye: yadda malamin Turanci a jami'o'in ƙetare ya tashi daga baƙon alfarma ya koma ɗan kwantiragi

A shekarar 1903 Jami'ar Tokyo ta sanar da Lafcadio Hearn, marubuci haifaffen Turai, cewa ba za ta sabunta kwantiraginsa ba. Tun 1896 yake koyar da adabin Turanci a can, kuma ya fara ne da albashin yen 400 a wata, kuɗin da malami ɗan ƙasa ko a mafarki bai gani ba. Ɗalibai suka yi ta ƙorafi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Aka ba da gurbinsa ga Natsume Soseki, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Landan ba, a kan yen 800 a shekara. Abin da Hearn ke karɓa a wata biyu, shi magajinsa zai jira shekara guda kafin ya tara.

Haka tsarin yake tun farko. Gwamnatin Japan ta zamanin Sarki Meiji ta ɗebo ƙwararru daga Turai da Amurka da tsada, amma da niyyar sallamar su da zarar 'ya'yanta sun koyi aikin. Albashi mai tsoka shi ne diyyar rashin tabbas, domin baƙo raɓa ne. Abin da ya faru a shekaru ɗari da suka biyo baya, a ƙasashe da dama, shi ne tsokar ta zagwanye, rashin tabbas ɗin kuma ya zauna daram.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar Turanci ta buɗe sosai. British Council, hukumar Birtaniya mai yaɗa harshe da al'adu da aka kafa a 1934, ta riƙa tura malamai ko'ina. Ƙungiyar malaman Turanci ta TESOL ta kafu a Amurka a 1966, takwararta IATEFL kuma a Birtaniya a 1967. Koyar da Turanci ga wanda ba harshensa ba ne ya zama sana'a mai takardar shaida da digiri na biyu. Sai dai yawancin jami'o'i ba su ajiye waɗannan malamai a tsangayoyinsu ba. Cibiyar koyon harshe ake tura su, inda darussa suka fi yawa, ba kuɗin bincike, ba kuma tsanin da mutum zai taka ya kai matsayin farfesa.

A Japan ɗin, sai a 1982 doka ta ba baƙo damar zama cikakken malami a jami'ar gwamnati. Shekara goma bayan haka ma'aikatar ilimi ta umarci jami'o'in su rage kashe kuɗi a kan malaman waje, aka kuwa fara da tsofaffin hannu, waɗanda albashinsu ya fi nauyi. A 2013 wata doka ta fara aiki wadda ta ce duk ma'aikacin da ya wuce shekara biyar yana sabunta kwantiragi zai iya neman a tabbatar da shi, daga baya aka mayar da wa'adin shekara goma ga wasu malaman jami'a da masu bincike. An yi dokar don kare ma'aikaci, amma jami'o'i da yawa suka gano ƙofar baya, suna sallamar mutum dab da cikar wa'adin. Yau za ka ga malami yana karɓar kuɗi bisa yawan darussa, kowane darasi minti 90, da safe yana wannan jami'a, da rana ya bi jirgin ƙasa zuwa waccan. Su ma jami'o'in suna da nasu uzurin: matasa 'yan shekara 18 sun haura miliyan biyu a 1992, yanzu kuwa ba su fi miliyan ɗaya da dubu ɗari ba.

Babu inda lamarin ya yi tsami irin Italiya. Wata doka ta 1980 ta ba jami'o'i damar ɗaukar malaman harsunan waje, waɗanda ake kira lettori, a kan kwantiragin shekara guda da ba za a sabunta fiye da sau biyar ba, alhali sauran ma'aikata ba su da wannan iyaka. Pilar Allué, 'yar Sifaniya, da Mary Carmel Coonan, dukansu malamai a Jami'ar Venice, suka kai ƙara. A 1989 Kotun Turai ta ce wannan wariya ce bisa ƙasar haihuwa, ta sake maimaita hukuncin a 1993. Italiya sai ta canza salo: a 1995 ta soke muƙamin, ta ƙirƙiro wani sabo na masu taimakawa a fannin harshe, wanda ya cire su daga sahun malamai. Mutumin da ke shiga aji, ya shirya jarrabawa, ya duba takardu, a takardar albashi ya koma ma'aikacin tallafi.

Kotun ta sake samun Italiya da laifi a 2001. A 2004 gwamnati ta yi dokar da ta daidaita albashinsu da na tabbataccen mai bincike na jami'a da ke aikin rabin lokaci. Hukumar Tarayyar Turai ta nemi a ci ƙasar tarar yuro 309,750 a kowace rana, amma a 2006 kotun ta ce, ko da yake an saɓa wa hukuncinta, ba za ta ɗora tarar ba. A ganina nan ne gwiwar malaman ta fara sanyi, don wanda aka kama da laifi sau huɗu bai biya ko sisi ba ya san babu abin tsoro. Dokar Gelmini ta 2010, wadda ta yi wa jami'o'in Italiya garambawul, ma ta zo ta taƙaita abin da za su iya nema a kotunan cikin gida.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun daɗe suna zama wurin tara kuɗi: albashi ba haraji, gida kyauta, tikitin jirgi duk shekara. Wannan ma ya ja baya. A Saudiyya jami'o'i da dama sun miƙa shekarar share fage ta sababbin ɗalibai ga kamfanonin kwangila, su ne ke ɗaukar malami su biya shi. A 2017 aka sa wa baƙi harajin riyal 100 a wata kan kowane ɗan iyali, wanda ya kai 400 a 2020, shekarar da harajin kayan masarufi ya tashi zuwa kashi 15 cikin ɗari. A Koriya ta Kudu kuwa, daga 2009 gwamnati ta yi shekaru tana matsa wa jami'o'i kada su ƙara kuɗin makaranta, albashin malaman kwantiragi ya tsaya cik.

Akwai kuma batun fasfo. Bizar koyar da magana da Turanci a Koriya an gina ta ne a kan masu fasfon ƙasashe bakwai, kuma Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyar Afirka. Tun 1991 TESOL ta yi tir da fifita wanda aka haifa da harshen a kan wanda ya koye shi, amma har yanzu ana ganin tallan aikin da ke tambayar ƙasar mutum kafin digirinsa. Su ma masu fasfon da ake so ba su tsira ba, don daga 2007 a Koriya an tilasta musu gwajin cutar ƙanjamau, har sai da wata malama 'yar New Zealand ta yi nasara a gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015, aka soke gwajin a 2017.

Shari'ar Italiya kuwa ba ta mutu ba. A watan Satumban 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta sake buɗe fayil ɗin, a watan Yulin 2023 ta mayar da Italiya gaban kotu kan bashin albashin da ba a biya ba, shekara 34 bayan hukuncin farko. Da yawa daga cikin masu bin bashin sun riga sun yi ritaya, kuma a kan tsohon albashin aka lissafa musu fansho.