Kafin a tambayi ko shiri ya yi amfani, shin ya kai a auna shi?

Duk wanda ya taɓa aiki da ƙungiyar agaji ko ma'aikatar gwamnati ya san yadda ake yi. Shiri ya kusa ƙarewa, masu ba da kuɗi sun ce suna jiran rahoto, sai a ɗauko ƙwararre a ba shi wata biyu ya faɗi ko an ci nasara. Sau da yawa abin da yake tararwa takardu ne da hotunan taro, babu abin da zai ɗora awo a kansa. Akwai matakin da ya kamata ya riga wannan.

Mene ne duba cancantar shiri kafin tantancewa?

Ɗan gajeren bincike ne, na makonni ko 'yan watanni, da ake yi don a gano ko babbar tantancewa za ta haifar da amsar da za a dogara da ita. Wanda ya fi shahara da tsara shi shi ne Joseph Wholey, tare da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Urban Institute da ke birnin Washinton, a shekarun 1970. Sun lura gwamnatin Amurka tana kashe maƙudan kuɗi wajen tantance shirye-shiryen jin daɗin jama'a, amma rahotannin suna ƙarewa a kan kanta, ba mai amfani da su. Da suka bi diddigi sai suka ga laifin ba na masu awo ba ne kaɗai. Shirye-shiryen ne da kansu ba su fayyace abin da suke nufin cimmawa ba.

Me ake dubawa?

Abu na farko shi ne manufa. A zauna da shugaban shiri, da ma'aikacin da ke zuwa ƙauye, da mai ba da kuɗi, kowa shi kaɗai, a tambaye shi: idan wannan aiki ya yi nasara, me za mu gani ya canja? Abin mamaki, akan samu amsa uku daban. A shirin ciyar da ɗalibai, misali, wani zai ce yawan yara a aji, wani ya ce lafiyar jikinsu, wani kuma ya ce kasuwa ga manoman yankin. Duka manufofi ne masu kyau, amma kowacce ma'auninta daban, kuma dole a daidaita a kan wadda za a sa a gaba.

Sai kuma hanyar da ake zaton aikin zai bi ya kai ga sakamako. Nan ne na fi son a daɗe, don nan ne zato yake ɓuya. A yammacin Kenya, a tsakiyar shekarun 1990, an raba littattafan karatu a makarantun firamare, bisa tunanin cewa rashin littafi ne ke hana yara ci gaba. Da masanin tattalin arziki Michael Kremer da abokan bincikensa suka auna, sai suka ga makin yawancin ɗalibai bai ɗaga ba, in ban da waɗanda dama su ne gwanayen aji. Littattafan da Turanci aka rubuta su, harshe na uku ga mafi yawan yaran. Tambaya ɗaya da za a yi wa malamin aji tun farko, wato ko yaran suna iya karanta abin da za a ba su, da ta haska wannan giɓin.

Na uku shi ne alƙaluma. Akwai bayanin yadda abubuwa suke kafin a fara? Rajistar asibiti ko ta makaranta ana cike ta kullum, ko sai ranar da aka ji baƙi za su zo? Na ƙarshe kuma, wa zai yi amfani da sakamakon, kuma yaushe? Rahoton da ya iso bayan an gama kasafin kuɗi ya makara.

Yaushe ya fi dacewa a yi?

Tun ran gini, ran zane. Lokacin da ake tsara shiri ya fi kowane lokaci, saboda a sannan ne ake iya gyara manufa, a tattara alƙaluman farko, a kuma ware wuraren da za a kwatanta da su. Ana iya yi a tsakiya, kuma yana da amfani, sai dai abin da ba a rubuta ba a shekarar farko ya wuce ke nan.

Akwai misalin da aka yi hakan da kyau?

Shirin Progresa na ƙasar Meziko, wanda aka fara a 1997. A lokacin ana ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin yaransu su je makaranta, a kuma kai su asibiti a duba su. Da yake kuɗin gwamnati ba su isa a fara ko'ina a lokaci guda ba, sai aka ɗauki ƙauyuka 506 aka yi musu ƙuri'a: 320 suka fara karɓa a 1998, sauran 186 suka jira zuwa ƙarshen 1999. Ba a hana kowa ba, layi kawai aka tsara. Wannan ya ba masu bincike damar kwatanta ƙauyuka masu kama da juna, suka nuna da hujja cewa zuwan yara makaranta ya ƙaru, rashin lafiyar ƙanana ya ragu. Da mulki ya canja hannu a shekarar 2000, sabuwar gwamnati ba ta rushe shirin ba, ta faɗaɗa shi da sunan Oportunidades.

Wanda aka yi sake fa?

Shirin Ƙauyukan Ƙarni da masanin tattalin arziki Jeffrey Sachs ya jagoranta a ƙasashen Afirka goma, wanda Pampaida ta ƙaramar hukumar Ikara a jihar Kaduna take ciki. An zuba taki, gidan sauro, asibiti da makaranta a lokaci guda, kuma mutane sun amfana. Amma ba a tsara kwatanci mai ƙarfi tun daga farko ba. A 2010 masana tattalin arziki Michael Clemens da Gabriel Demombynes suka nuna cewa wani ɓangare na ci gaban da ake jingina wa shirin, kamar yawaitar wayar hannu, yana faruwa a sauran yankunan ƙasashen ma. A 2012 sai da aka gyara wani iƙirari kan raguwar mutuwar yara da aka buga a mujallar likitanci ta Lancet. Tantancewar ƙarshe da ta fito a 2018 dole ta nemo ƙauyukan kwatanci ta waiwaye. Ta samu sakamako mai kyau a ma'aunai da dama, amma gardamar ba ta mutu ba. Abin yana min ciwo, domin aiki ne da aka sa zuciya a cikinsa, kuma ya cancanci hujjar da ba za a yi ta ja-in-ja a kanta ba.

Idan aka gano shiri bai kai a auna shi ba, an kashe shi ke nan?

A'a. Wannan tsoron ne ke sa shugabannin shirye-shirye ƙin buɗe ƙofa. Sakamakon binciken yakan zama shawara ce: a sake rubuta manufa, a gyara yadda ake cike rajista, a ɗage babbar tantancewa da shekara guda, ko a taƙaita ta ga tambaya ɗaya da ake da alƙalumanta. Wani lokaci ma a ce a fara duba ko kayan suna isa hannun mutanen da aka nufa, domin auna tasirin takin da bai bar sito ba ɓata kuɗi ne.

Wa ya kamata ya yi shi?

Na waje ya fi iya faɗin gaskiya, na ciki ya fi sanin inda takardu suke, don haka a haɗa su. Sharaɗi ɗaya nake ganin bai kamata a sassauta ba: wanda ke sa ran samun kwangilar babbar tantancewa kada ya zama shi kaɗai zai yanke hukuncin ko a yi ta. Kuma a fita daga ofis a je a zauna da mai unguwa, da ungozoma, da shugaban makaranta, a ji me suka ɗauka shirin ya zo yi musu.