Ƙwayoyin cutar korona da yadda suke yaɗuwa tsakanin mutane

Korona suna ne na wani babban dangi na ƙwayoyin cuta, irin waɗanda ake kira bairos, masu kama dabbobi da tsuntsaye da mutane. Bakwai daga cikinsu ne aka fi sani da kama ɗan Adam. Huɗu mura kawai suke sawa, kuma da wuya a sami baligin da bai taɓa kamuwa da ɗayansu ba. Sauran ukun su ne suka haddasa cutar SARS a 2002, da MERS a 2012, da COVID-19 a ƙarshen 2019. A bakin jama'a, idan aka ce korona wannan ta ƙarshen ake nufi, amma a wurin masana ita auta ce a gidan da aka shafe shekaru masu yawa ana nazari a kansa.

Siffa da suna

Ƙwayar korona ƙarama ce ƙwarai. Sai an jera kusan guda dubu gefe da gefe kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Kewayayya ce, tana lulluɓe da wata riga ta maiƙo, kuma wannan rigar ce sabulu yake narkarwa idan an wanke hannu. A jikin rigar akwai tsinkaye kamar ƙayoyi, su ne makullin da ƙwayar take buɗe ƙofar ƙwayoyin halittar jikin mutum da shi. Ƙwayar SARS da ta COVID-19 ƙofa ɗaya suke bi, wadda masana suke kira ACE2, ana samunta a hanci da maƙogwaro da huhu da hanji. Ta MERS kuwa wata ƙofar take bi mai suna DPP4. A cikin cikinta akwai dogon zaren bayanan gado na RNA mai haruffa kusan 30,000, wanda yana cikin mafiya tsawo a irin waɗannan ƙwayoyi. Ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta shiga jikin mai rai ta mayar da shi masaƙarta.

A wurin kaji aka fara cin karo da dangin. A 1931 likitocin dabbobi a jihar Dakota ta Arewa a Amurka suka ba da bayanin wata cutar numfashi da take ƙarar da 'yan tsaki. Na mutane sai a shekarun 1960. David Tyrrell, wanda yake aiki a cibiyar binciken mura da ke Salisbury a Ingila, ya raini wata ƙwaya da aka samo daga majinar wani ɗalibin makarantar kwana, a daidai lokacin da Dorothy Hamre take gano wata a Jami'ar Chicago. Wadda ta fara ganin siffar ƙwayar Tyrrell da idonta ita ce June Almeida, 'yar wani direban bas daga Glasgow, wadda ta bar makaranta tana da shekara 16 amma ta zama gwana wurin ɗaukar hoto da na'urar hangen ƙananan halittu mai aiki da lantarki. A hotunanta, ƙayoyin sun yi wa ƙwayar zobe kamar kambin hasken da yake kewaye rana a lokacin husufi. Daga nan aka ɗauko kalmar Latin mai ma'anar kambi, aka buga sunan a mujallar Nature a 1968.

Bayan haka fagen ya yi sanyi. Cutar da ba ta wuce mura ba ba ta jawo kuɗin bincike, don haka kusan shekara talatin likitocin dabbobi ne da wasu tsirarun masana suka riƙe aikin.

Darasin SARS

A watan Nuwamba na 2002 wani baƙon ciwon huhu ya ɓulla a lardin Guangdong na ƙasar Sin. Ranar 21 ga Fabrairun 2003 wani likita da ya kula da masu ciwon ya sauka a hawa na tara na otal ɗin Metropole a Hong Kong. Kwana ɗaya ya yi. Baƙin da suka kwana a wannan hawa suka kwashi cutar suka tafi da ita Hanoi da Singafo da Toronto, yawancinsu ba su ma taɓa haɗa ido da shi ba. Likitan Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara ankarar da duniya daga Hanoi, ɗan Italiya Carlo Urbani, shi ma cutar ce ta yi ajalinsa ranar 29 ga Maris. A rukunin gidajen Amoy Gardens da ke Hong Kong mutum fiye da 300 suka kamu, bincike kuma ya nuna cewa bututun bayan gida da iskar da fankoki suke ja ne suka ɗauki ƙwayar daga wannan gida zuwa wancan.

Jimilla mutum 8,096 aka ƙirga sun kamu, 774 suka rasu. Zuwa watan Yulin 2003 an shawo kanta, ba da allura ba, ba da magani ba, sai da dabarun gargajiya na bibiyar waɗanda suka yi hulɗa da majinyaci da killace su. Abin da ya sa hakan ya yi aiki shi ne mai SARS ba ya cika yaɗa ta sai ya kwanta, galibi a mako na biyu na rashin lafiya, lokacin da zazzaɓi ya riga ya tona shi. Wannan nasara ta bar wa mutane wani zato, cewa duk korona haka take.

COVID-19 da tambayar hanya

Ranar 31 ga Disamban 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sami labarin wani ciwon huhu a birnin Wuhan. Ranar 11 ga Janairun 2020 masanin ƙasar Sin Zhang Yongzhen, tare da Edward Holmes na Jami'ar Sydney, suka saki cikakken bayanin gadon ƙwayar a intanet, kuma a kan wannan bayani aka gina gwaje-gwaje da alluran rigakafi na farko. An ayyana cutar annobar duniya ranar 11 ga Maris. A Najeriya an tabbatar da mutum na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, cikin 'yan kwanaki kuma ɗakin binciken Christian Happi da ke Ede a jihar Osun ya karanta bayanin gadon ƙwayar, karo na farko a nahiyar Afirka. Mace-macen da ƙasashe suka kai rahotonsu sun haura miliyan 7, sai dai ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na rarar mace-mace, wato waɗanda suka ƙaru a kan adadin da aka saba gani, a 2020 da 2021 kaɗai ya kai kusan miliyan 14.9.

Bambanci na farko da aka gano tsakaninta da SARS shi ne lokaci. Mai COVID-19 ya fi yawan ƙwayar a hanci da maƙogwaro daf da fara jin alamu, kwana ɗaya ko biyu kafin ya san ba shi da lafiya. Wasu ma har su warke ba su ji komai ba. A garin Vo' na Italiya an gwada kusan kowa da kowa, aka tarar kimanin kashi 40 cikin 100 na masu ɗauke da ita ba su da wata alama. Ma'aunin zafin jiki da ake ɗora wa mutane a goshi a filayen jirgi ba zai iya kama irin waɗannan ba.

Tambaya ta biyu ta fi jawo gardama: ta wace hanya ƙwayar take fita daga wannan ta shiga wancan? Abin da aka gada a littattafan likitanci shi ne cututtukan numfashi suna tafiya ne a cikin manyan ɗigon yawu da majina na tari da atishawa, waɗanda nauyinsu yake kayar da su ƙasa kafin su wuce mita ɗaya ko biyu. A kan wannan aka kafa shawarar ba da tazara da goge hannun ƙofa. Wani gwaji da aka wallafa a Maris na 2020 ya nuna ƙwayar tana iya rayuwa har kwana uku a kan roba da ƙarfe, sai jama'a suka duƙufa wanke ledojin cefane, hukumomi suna feshin tituna.

Amma abubuwan da suke faruwa a zahiri ba su yi daidai da wannan bayani ba. A wani gidan abinci a Guangzhou, a Janairun 2020, iyalai uku suka zauna a tebura uku maƙwabtan juna, ba su san juna ba, ba su taɓa juna ba. Mutum 10 daga cikinsu suka kwanta. Masu kai abinci da suka yi ta zirga-zirga a wurin ba su kamu ba, haka sauran mutanen da ke ɗakin. Da aka duba, teburan ukun suna kan layin iskar na'urar sanyaya ɗaki guda, wadda take jujjuya iska ɗaya a kansu. Ranar 10 ga Maris kuma, mawaƙa 61 suka taru don gwajin waƙa a gundumar Skagit ta jihar Washington. Sun guji musafaha, an ajiye man goge hannu a ƙofa. Mutum ɗaya ne a cikinsu yake ɗan jin mura. Awa biyu da rabi suka yi suna rera waƙa a ɗaki rufe, bayan haka 52 suka kamu ko aka yi kyakkyawan zaton sun kamu, biyu suka rasu. Ba yadda za a yi ɗigon yawun mutum ɗaya ya faɗa kan mutum hamsin.

Bayanin da ya dace da waɗannan shi ne na masana iska da injiniyoyin gine-gine. Duk lokacin da mutum ya yi numfashi ko magana, balle waƙa ko ɗaga murya, yana fitar da wasu ƙananan ɓurɓushin ruwa da ido ba ya gani, waɗanda ba sa faɗuwa, sai su yi ta shawagi na mintuna har awoyi. Wanda ya taɓa shiga ɗakin da aka sa turaren wuta aka rufe taga ya san yadda abin yake: na kusa da kasko ya fi shaƙa, amma idan aka daɗe kowa sai kayansa sun kama, ko da an fitar da kaskon. A tsakar gida kuwa iska ce take kwashewa. A Yulin 2020 masana 239, ƙarƙashin jagorancin Lidia Morawska da Donald Milton, suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman a yarda da wannan hanya. Sai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka faɗe ta ƙarara a shawarwarinsu. A shekarar ce kuma hukumar ta Amurka ta ƙiyasta cewa haɗarin kamuwa ta taɓa wani abu bai kai ɗaya cikin 10,000 ba. Wannan jinkiri abin takaici ne, domin buɗe taga da mayar da taro waje da sa takunkumi mai kama fuska sun fi feshin titi araha, sun kuma fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu kuma da lissafi ya fito da shi. An ƙiyasta cewa a farkon annobar kowane mai cutar yana harbin mutum biyu zuwa uku, amma wannan matsakaici ne mai ɓoye gaskiya. Bibiyar da aka yi a Hong Kong ta nuna kusan kashi 20 cikin 100 na masu cutar su ne suka jawo kashi 80 na yaɗuwar, mafi yawa kuwa ba su harbi kowa ba. Ba wai jikin waɗancan tsirarun ne kaɗai ya bambanta ba, wurin da suka samu kansu ne: ɗaki rufe, cunkoso, magana fuska da fuska. Japan ta gane haka da wuri, ta gina gargaɗinta ga jama'a a kan guje wa waɗannan ukun.

Sauyin kamanni

Ƙwayar tana yin kuskure wurin kwafar kanta, wani kuskuren kuma yakan zame mata riba. Haka aka sami nau'in Alfa a Ingila, Beta a Afirka ta Kudu, Delta a Indiya. Omikron, wanda masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano a Nuwamban 2021, ya fi na baya iya kauce wa garkuwar jiki, kuma ya rage kwanakin da ke tsakanin kamuwa da bayyanar alamu daga kusan biyar zuwa kusan uku. An janye dokar ta-ɓacin lafiya ta duniya ranar 5 ga Mayun 2023, amma jikokin Omikron suna nan suna yawo.

Daga dabba zuwa mutum

Jemagu ne babban rumbun wannan dangi. An fara samun ƙwayar SARS a jikin wata dabbar daji dangin magen juda da ake sayarwa a kasuwannin Guangdong, sai a 2005 aka gano 'yan uwanta na kusa a jikin jemagu. Game da COVID-19, da yawa daga cikin waɗanda suka fara kamuwa suna da alaƙa da kasuwar Huanan ta Wuhan inda ake sayar da dabbobi masu rai, kuma masana da dama a nan suke ganin ta tsallako, yayin da wasu suke zargin haɗari a ɗakin bincike. Hanyar tana komawa baya ma: mutane sun harbi dabbar mink da ake kiwo don gashinta a Denmak, har aka hallaka miliyoyinsu a ƙarshen 2020.

MERS ita ce ta fi kusa da mu ta wannan fuska. Likita ɗan Masar Ali Mohamed Zaki ne ya gano ta a jikin wani majinyaci a Jidda a 2012. Tana kashe kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu, sai dai ba ta da saurin bi daga mutum zuwa mutum in ba a asibiti ba. A 2015 matafiyi ɗaya ya kai ta Koriya ta Kudu, mutum 186 suka kamu, kusan dukansu a asibitoci. Raƙumi ne mai ɗauke da ita, a wurinsa ɗan majina ne kawai, shi ya sa ake jan kunnen alhazai da masu Umara su nisanci raƙuma da ɗanyen nonon taguwa. Tsofaffin jinin raƙuma da aka ɗiba a Sudan da Somaliya tun 1983 sun nuna ƙwayar ta daɗe a Afirka, inda mafi yawan raƙuman duniya masu tozo ɗaya suke.

A 2015 masu bincike daga Najeriya da Hong Kong suka ɗibi majinar raƙuma a mayankar Kano, suka sami ƙwayar MERS a cikinta. Nau'in na Afirka ya bambanta da na ƙasar Larabawa, kuma a ɗakin gwaji bai kai shi ƙarfin hayayyafa a ƙwayoyin huhun mutum ba. Da aka koma aka gwada jinin mahautan da suke yanka raƙuman da feɗe su, gwajin da aka saba yi bai nuna komai ba. Sai da aka duba wani ɓangare na garkuwar jiki, ƙwayoyin da ake kira T, sannan aka ga alamar cewa wasu daga cikinsu sun taɓa haɗuwa da cutar, alhali ba a taɓa rubuta sunan ko ɗayansu a matsayin mai MERS ba.