Dajin Baturiya: abin da doka ta hana da wanda ba ta hana ba

Dausayin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma a Jigawa ya shiga jerin Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare dausayi, a 2008. Mutane da yawa a ƙauyukan da ke kewaye sun ɗauka wannan rajista ta haramta kamun kifi da kiwo gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Ramsar tana neman a ci moriyar dausayi ba tare da an kashe shi ba, kuma ba ita ke kai mutum kotu ba. Hukunci yana fitowa ne daga dokokin gida.

A ɓangaren kamun kifi, Dokar Kamun Kifi ta Ruwan Cikin Ƙasa ta 1992 ta hana guba da abin fashewa da lantarki, ta kuma hana kafa raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato kusan inci uku. Dalilin a bayyane yake. Raga mai ƙananan ido tana kwashe 'ya'yan tarwaɗa da karfasa tun ba su isa yin ƙwai ba, sai baɗi masunci ya jefa koma ya fito da ciyawa. Guba kuwa ta fi muni, don ba ta tsayawa kan kifi: zalɓe da ya ci mataccen kifin zai mutu, shanu za su sha ruwan, yara kuma a nan suke wanka.

Farauta a gandun namun daji sai da izinin hukuma, tun daga dokar namun daji ta Arewa ta 1963. Wannan ya shafi dinya da kirinjijiya da gauraka, har da tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a nan.

Bishiyoyi ma suna da kariya, kuma mu a ganinmu nan ne aka fi yin sakaci. Sare ɗanyar bagaruwa don gawayi laifi ne a cikin gandu. Goruba kuwa, idan aka yi ta yankan kabarta tun tana ƙarama, ba za ta taɓa yin tsawo ta ba da 'ya'ya ba.

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da Baturiya da dajin Falgore na Kano gandun daji na ƙasa. Dokar irin waɗannan gandaye ta fi tsauri, domin shiga ma sai da takarda, balle kiwo ko cinna wuta. Duk mai gona ko garke a gefen dajin ya nemi jami'an gandu da dagacinsa su nuna masa iyaka a ƙasa, tun kafin damina ta shafe alamomin.