Kiɗan Ban Tsoro na Bikin Halowin: Tambayoyi da Amsoshi

Wane biki ne wannan, kuma mene ne ya haɗa shi da kiɗa?

Halowin biki ne da ake yi a daren 31 ga watan Oktoba, jajiberin ranar da Kiristocin yammacin duniya suke tunawa da waliyyansu. Masana tarihi da dama suna danganta tushensa da wani tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ailan da Sikotilan mai suna Samhain, lokacin da aka yi imani cewa ruhohin matattu suna kusantar masu rai. 'Yan Ailan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan yunwar da ta fara a 1845, suna cikin waɗanda suka kai al'adar can, inda ta rikiɗe ta zama daren da yara suke shigar dodanni da fatalwa suna bi gida-gida ana ba su alawa. Bikin ba shi da wasu waƙoƙin ibada nasa na kansa kamar yadda Kirsimeti yake da su, don haka sai ya yi ta aro daga zaurukan kiɗa da gidajen sinima da tashoshin rediyo.

Mene ne a cikin sauti yake sa tsigar jiki ta tashi?

Wani ɓangare na amsar yana cikin halittar ɗan Adam. Idan mutum ko dabba ya kurma ihu cikin firgita, muryarsa takan wuce iyakarta ta tsage, ta fito da kaushi da rawa-rawa. A 2015 Luc Arnal da David Poeppel da abokan aikinsu sun wallafa wani bincike da ya nuna cewa ƙarfin sautin ihu yana hawa da sauka tsakanin sau 30 zuwa 150 a daƙiƙa ɗaya, abin da magana ta yau da kullum ba ta yi, kuma wannan kaushin yana taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke lura da haɗari. Masu tsara kiɗa sun daɗe da gane haka da kunnensu. Bernard Herrmann, a kiɗan da ya yi wa fim ɗin Psycho na 1960, bai yi amfani da komai ba sai dangin goge, ya sa aka riƙa karta tsirkiya a can ƙololuwar murya har sautin ya koma kamar kururuwa.

Akwai kuma dabarar hana kunne hutawa. Mai sauraro yakan yi hasashen inda kiɗa zai sauka, to idan aka riƙa maimaita 'yan sautuka kaɗan ba tare da an sauka ba, ko aka yi tsit sannan aka buga da ƙarfi ba zato, sai gaba ya faɗi. John Carpenter, wanda da kansa ya tsara kiɗan fim ɗinsa na 1978 mai sunan bikin, ya ɗora fiyano a kan bugu biyar-biyar maimakon huɗu-huɗu da kunnen Bature ya saba da shi, sai kiɗan ya zama kamar tafiyar da ƙafa ɗaya take ɗingishi.

Ke nan duk mutanen duniya za su ji tsoro iri ɗaya?

A'a, kuma a nan ne ake yawan wuce gona da iri. Akan ce wasu sautuka biyu idan aka haɗa su dole ne su dami kowa, musamman wata tazara tsakanin sautuka biyu da tsofaffin malaman kiɗa na Turai suka laƙaba wa suna "shaiɗan a cikin kiɗa". Amma a 2016 Josh McDermott da abokan aikinsa sun gwada mutanen Tsimane, mazauna dajin Amazon a ƙasar Bolibiya waɗanda ba su cika jin kiɗan Turawa ba, suka tarar cewa haɗin sautin da Bature yake kira mai daɗi da wanda yake kira marar daɗi duk ɗaya ne a wurinsu, ko da yake su ma ba su son sauti mai kaushi. A ganina darasin a fili yake: kaushin ihu na kowa da kowa ne, saura kuwa sabo ne, kuma sinima ce babbar makarantar da ta koyar da shi.

An tsara fitattun kiɗe-kiɗen da ake sakawa a daren domin bikin ne?

Yawancin tsofaffin ba domin shi aka yi su ba. Kiɗan nan mai suna Toccata and Fugue in D minor na ogan, wato babban abin kiɗan coci mai bututu, da ake jingina wa Johann Sebastian Bach, wanda ya rasu a 1750, ba shi da wata alaƙa da fatalwa. Finafinan ban tsoro ne tun daga shekarun 1930 suka maƙala shi ga tsofaffin gidaje da mugayen attajirai har ya kasa rabuwa da su. Kiɗan da Modest Mussorgsky na Rasha ya kammala a 1867 game da taron mayu a kan dutse yana magana ne a kan wani dare na watan Yuni, tsakiyar zafi, ba kaka ba.

Wanda ya fi dacewa da daren shi ne Danse macabre, wato rawar mutuwa, na Camille Saint-Saëns ɗan Faransa, na shekarar 1874, kuma ya cancanci a saurare shi da natsuwa domin labari ne cikakke ba tare da kalma ko ɗaya ba. Yana farawa da bugu 12 na tsakar dare. Sai Mutuwa ta ɗauki gogenta, wanda aka sassauta masa tsirkiya ɗaya da gangan domin ya fitar da waccan tazara ta shaiɗan, ta kira matattu su fito rawa. Ana jin ƙasusuwan ƙwarangwal suna karo da juna, alhali wasu 'yan katakai ne ake bugawa da sanduna. Rawar tana ta zafi har wani abin busa ya yi cara irin ta zakara, sai kowa ya koma kabarinsa. Akwai zolaya a ciki fiye da firgitarwa.

Wane abu ne yake yin sautin nan mai kama da kukan fatalwa?

Sau da yawa teramin ne, ko na'urar da ke kwaikwayonsa. Lev Termen na Rasha ne ya ƙirƙiro shi wajen 1920, kuma ana kaɗa shi ba tare da an taɓa shi ba: hannu ɗaya yana kusantar wani ƙarfe a tsaye domin ɗaga murya ko sauke ta, ɗayan yana daidaita ƙarfinta. Da yake sautin yana zamewa babu gaɓa, sai ya yi kama da muryar da ba ta da maƙogwaro.

Me ya sa waƙoƙin da aka fi sakawa a daren na rawa ne da barkwanci?

Domin tsoron Halowin tsoron wasa ne, kuma mai gida ba ya son baƙinsa su gudu. Monster Mash ta Bobby Pickett, wadda ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka a watan Oktoban 1962, labarin dodanni ne da suka taru suna cashewa, mawaƙin yana kwaikwayon muryar ɗan wasa Boris Karloff. Sautin tukunyar da ke tafasa a cikinta ba komai ba ne illa hura iska cikin ruwa da tsinke mai rami. Tashar BBC ta ƙi saka ta a lokacin saboda tana ganin ta cika zancen mutuwa, sai a 1973 ta yi tashe a Ingila. Thriller ta Michael Jackson, da ta fito a faifansa na 1982, ita ma haka take: ƙofa na ƙara, kyarkeci na kuka, ɗan wasa Vincent Price yana magana da muryar maƙabarta yana ƙyalƙyala dariya, amma a ƙarƙashin duk wannan akwai bugun da ke jan ƙafa zuwa fili.

A ƙofar gida kuwa, inda yara suke zuwa karɓar alawa, galibi ba waƙa ake sakawa ba. Tun a 1964 kamfanin Disney ya fitar da faifai na sautukan gidan fatalwa, kuma har yau irinsu ake kunnawa a bayan kabewar da aka fafe aka sa mata fitila: iska na kaɗawa, sarƙa na jan ƙasa, kyanwa na kuka daga nesa.