Iskar oksijin da gobara a asibiti: jan kunne ga masu jinya

A daren Asabar, 24 ga Afrilun 2021, ana tsakiyar azumi, tukunyar iskar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, babban birnin Iraƙi, inda aka keɓe masu fama da cutar korona. Wuta ta kama silin, ta bazu cikin ƙanƙanin lokaci. Aƙalla mutum 82 suka rasu, 110 suka jikkata. Wasu hayaƙi ne ya kashe su, wasu kuma numfashinsu ya ɗauke da aka cire su daga na'ura domin a fitar da su. Cikin mamatan har da 'yan uwan da suka zo jinya. Asibitin ba shi da na'urar gano hayaƙi, ba shi da ta feshin ruwa. Ministan lafiya Hassan al-Tamimi ya yi murabus, amma ba a cika wata uku ba irin wannan ta sake faruwa a birnin Nasiriyya, inda fiye da mutum 60 suka mutu.

Ita oksijin ba ta kamawa da wuta da kanta, amma ita ce ke rura wuta. A iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ce kawai. Idan majinyata da yawa suna kan oksijin a ɗaki ɗaya, tagogi a rufe, wata tiyo na yoyo, sai iskar ta taru ta ratsa zanen gado, katifa, labule, har da tufafi da gashin kai. A irin wannan ɗaki, tartsatsin da a gida ba zai yi komai ba ya isa ya tayar da gobara. Ga shi oksijin ba ta da wari, ba ta da launi, balle mutum ya ankara.

Shi ya sa nake magana da masu jinya, domin a asibitocinmu su ne ke kwana a gefen gado. Mai jinya yakan zo da hita don ruwan shayi, ya jona caja uku a soket ɗaya, ya kunna maganin sauro ko turaren wuta, duk da kyakkyawar niyya. Idan akwai mai shan oksijin a ɗakin, duk waɗannan a bar su waje. Taba kuwa ba a ma maganarta. Abin da mutane suka fi mamaki shi ne basilin: idan leɓe ko hancin majinyaci ya bushe, kada a shafa masa basilin ko wani mai, a tambayi nas. Wanda ya shafa sanitaiza ya bari hannunsa ya bushe tukun. Kada mai jinya ya murɗa kan tukunya wai zai ƙara wa ɗan uwansa iska, kuma idan ya ji tana huci, ya kira ma'aikaci nan take.

Mu ma'aikatan asibiti namu laifin ya fi girma idan muka yi sake. Tukunya a tsaye take zama, a ɗaure, nesa da rana da janareto. Ƙofar fita da aka garƙame da kwaɗo saboda masu ziyara, wa ke riƙe da makullinta da ƙarfe biyun dare? Kowane mai aikin dare ya san amsar, ya san inda ake rufe bututun oksijin, ya kuma ajiye lambar 'yan kwana-kwana a wayarsa.