Bel ɗin taimin

Bel ɗin taimin, wanda makanikai suka fi kira taimin bel ko kuma taimin kawai, wata ɗamara ce ta roba mai haƙora ta ciki da ke haɗa karanshaf da kamshaf a injin mota. Karanshaf shi ne sandan ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, kamshaf kuma shi ke buɗe bawul (ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a silinda) yana rufewa a sama. Aikin bel ɗin shi ne ya sa su tafi tare ba saɓani: duk zagaye biyu na karanshaf, kamshaf ya yi ɗaya. Idan inji yana juyi sau 3,000 a minti, kowane bawul na buɗewa sau 25 a daƙiƙa guda, kuma dole kowace buɗewa ta zo a kan lokacinta. Bel ɗin taimin ba shi ne fanbel ba, duk da mutane da yawa na haɗa su. Fanbel a waje yake, kowa na ganinsa da zarar an ɗaga bonet, shi kuwa taimin yana ɓoye a bayan murfi a gefen inji.

Asali

Kafin zuwansa, sarƙa ko giya masu cin juna ake amfani da su. Motar Glas 1004 ta Jamus, wadda ta fito a 1962, ita ce ta farko da aka ƙera da yawa don sayarwa da irin wannan bel. A 1966 kamfanin Pontiac na Amurka ya sa shi a injinsa mai silinda shida, Fiat na Italiya ma ya bi sahu a wannan shekarar. Daga nan ya bazu a ƙananan motoci, domin ya fi sarƙa arha da sauƙin nauyi, ba ya ƙara, kuma ba ya buƙatar mai. A cikin robar akwai zaruruwan gilashi ko na aramid (wani zare mai ƙarfi sosai) waɗanda ke hana bel ɗin miƙewa.

Abin da ke faruwa idan ya tsinke

Nan ne tushen fargabar masu mota. Injuna iri biyu ne. A wasu, akwai isasshen fili tsakanin fistin da bawul, ko da bawul ya tsaya a buɗe ba za su haɗu ba. Irin wannan idan bel ya tsinke mota mutuwa kawai za ta yi, a sa sabo a ci gaba da tafiya. Injin 5S-FE mai lita 2.2 na tsohuwar Toyota Camry yana cikin wannan rukuni. A ɗaya rukunin kuwa, wanda shi ne mafi yawa a ƙananan motocin zamani, fistin da bawul wuri ɗaya suke shiga, sai dai a lokuta daban-daban. Da bel ya tsinke, kamshaf zai tsaya cak da wasu bawul a buɗe, karanshaf kuma bai daina juyawa ba, sai fistin ya taso ya doke su. Bawul su lanƙwashe, wani lokaci fistin ya fashe ko kan silinda ya lalace. Injunan jerin D na tsohuwar Honda Civic haka suke, haka ma kusan duk injin dizal.

Direba ba ya jin wani abin a zo a gani. Yana cikin tafiya sai inji ya ɗauke, fitilun gaban sitiyari su kama. Idan ya murɗa makulli zai ji inji na juyawa da sauri fiye da yadda ya saba, da wani sauti maras nauyi kamar babu komai a ciki. Wanda ya ji wannan ya kamata ya cire hannunsa daga makulli, don ci gaba da gwada tayarwa na iya ƙara ɓarna. Ba lallai sai ya tsinke ba ma: idan haƙora suka zube ko bel ya tsallake 'yan haƙora, sakamakon na iya zama ɗaya.

Lokacin canji

Kowane kamfani yana rubuta wa'adin injinsa a littafin mota. Yawanci yana faɗawa tsakanin kilomita 60,000 zuwa 160,000, ko shekara huɗu zuwa goma, duk wanda ya riga zuwa. Batun shekaru shi ne wanda aka fi mantawa, alhali roba tana tsufa ko mota na ajiye a gida an lulluɓe ta. Zafi yana busar da ita, ƙura tana cin haƙoran idan murfin ya fashe ko an cire shi ba a mayar ba, baƙin mai kuma da ke ɗiga daga sil (robar da ke tare mai) na kamshaf ko karanshaf yana jiƙa ta har ta yi laushi.

Duba da ido yana iya nuna tsagewa a bayan bel, ko sheƙi kamar an goge shi, ko gefen da ya fara zare. Amma bel na iya yin kyau a ido alhali zaruruwan cikinsa sun gaji. Shi ya sa maganar "ai da sauransa" ba hujja ba ce mai ƙarfi.

A motar hannu

Matsalar ta fi tsanani ga mai sayen motar hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka ta Legas ko Kwatano. Galibi ba sa zuwa da takardun gyara, lambar kilomitar da ke kan mita kuma ana iya mayar da ita baya. Wasu garejin Turai suna liƙa 'yar takarda a kan murfin taimin ko a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da ranar canji da kilomita. Idan an same ta, an samu abin dogaro. Idan babu, abin da ya fi hankali shi ne a ɗauka ba a taɓa canzawa ba, a sa kuɗin canjin cikin lissafin sayen motar tun daga farko.

Kafin wannan ma sai a san ko injin bel ne ko sarƙa, domin mota mai suna ɗaya na iya zuwa da kowanne daga cikin biyun. Corolla mai injin 4A-FE ko 7A-FE bel ce, wadda ta zo da 1ZZ-FE kuma sarƙa. Civic ta koma sarƙa a injinta mai lita 1.8 na 2006. Peugeot 206 da 406 bel suke amfani da shi, tsohuwar 504 mai fetur kuwa sarƙa. Nissan Micra ta 1992 zuwa 2002 mai fetur ita ma sarƙa ce.

Yadda ake canzawa

Ba bel kaɗai ake cirewa ba. Akwai tenshana da ke ɗaure shi da fulin da yake bi ta kai, kuma sau da yawa boris ɗinsu ne ke fara mutuwa ya jawo wa bel. A injuna da dama bel ɗin ne ma ke juya famfon ruwa, don haka ana canza famfon a lokaci guda, tunda aikin kwancewar ɗaya ne. Sa sabon bel a kan tsohon tenshana tsimi ne da ke komawa asara. Haka nan sayen bel na hannu, ko jabu da aka buga wa sunan kamfanonin bel irin su Gates ko Continental a kwali.

Makaniken da ya san aikinsa zai fara jera alamomin da ke kan giyar karanshaf da ta kamshaf daidai da na jikin inji kafin ya zare tsohon. Bayan ya sa sabon ya ɗaure, sai ya kama karanshaf da sifana ya juya shi da hannu zagaye biyu cif, ya sake duba alamomin. Idan ya ji wani abu ya tokare, ba zai tayar ba. Bel ɗin da aka ɗaure fiye da kima yana kuka, sako-sako kuma yana iya tsallake haƙori.

Bel mai wanka da mai

Wasu ƙananan injunan baya-bayan nan, kamar Ford EcoBoost mai lita 1.0 da PureTech mai lita 1.2 na Peugeot da Citroën, sun sa bel ɗin a cikin baƙin mai don rage gogayya. Idan man bai dace da ƙa'idar kamfani ba, ko ya daɗe ba a juye ba, robar kan fara marmashewa, ɓarɓashin ya toshe rariyar famfon mai, inji ya rasa mai ya buga tun bel bai kai ga tsinkewa ba. A kan PureTech, kamfanin ya rage wa'adin canji zuwa shekara shida ko kilomita 100,000, sannan a sabon samfurin injin da ya fito a 2023 ya koma amfani da sarƙa.